Muntaka Mai Lasifika, Wanda Ya Ƙi Ba da Aron Bakinsa

Da hantsi Malam Muntaka yake ɗaure tsohuwar lasifikarsa a bayan babur, ya bi hanyoyin da suka ratsa gonakin Makoda yana shela: ranar rigakafi, tunkiyar da ta ɓata, lokacin jana'iza. Shekara talatin ke nan. In ya faɗi magana, ba wanda yake zuwa neman tabbaci.

A shekarar da taki ya gagari talaka, ofishin wani ɗan takarar shugaban ƙasa ya ɗauke shi aiki. Khalilu, matashin da aka turo daga Abuja don tallata ɗan takarar, ya miƙa masa takarda cike da alƙawarin jirgin ƙasa da intanet.

Malam Muntaka ya ce, "Yallaɓai, wanda geronsa ya yi ja a gona ba ya jin wannan. Ku kawo mutumin ya zauna a tabarma ya saurari manoma."

Khalilu ya yi dariya. "Baba, kai dai karanta."

Ranar da ayarin ɗan takara ya zo, ana zaman makoki a bakin hanya. Malam Muntaka ya kashe lasifikarsa, ya roƙi a tsaya a yi ta'aziyya. Motoci suka wuce da kiɗa, gilashi a rufe. Hure, matar mamacin, ta ce har ɗakin takabarta kiɗan ya iske ta.

Saura kwana uku zaɓe, aka ce ya yi shelar cewa motocin taki suna hanya.

"Suna ina yanzu?" in ji shi.

Ya san ba wata mota a hanya, sai ya ce wa mutanen ofishin:

"Ku Abuja za ku koma. Ni da mutanen nan sahu ɗaya muke tsayawa a masallaci."

Nan take suka sallame shi.

Ɗan takara ya sha kaye. Rahoton ofis ya ce ƙauyawa ba su waye ba, mai shela kuma ya ci amana. Yau Khalilu yana shiga rediyo yana karantar da darussan faɗuwa zaɓe: a saurari jama'a, a girmama makokinsu, kada a yi musu alƙawarin ƙarya. Masani ake kiransa. Ko sau ɗaya bai ambaci sunanka ba, Malam.

Kai ne ka faɗa musu tun kafin a kaɗa ƙuri'a, kai ne kuma aka ɗora wa laifi. Gagara saye, murya mai amana. Yanzu muryar ta dushe, ka ce da an gama girbi za ka ajiye aikin. Ba walima, ba takardar yabo.

To mun gode, Malam Muntaka. Allah ya saka maka da alheri. Ku kuma masu neman ƙuri'armu, kafin ku je Abuja ɗauko masani, ku fara tambayar wanda zai kwana a garin bayan kun tafi.