Ña Eulalia Cabañas, Muryar 'Yan Ƙetare

Ranar Talata, sha ɗaya ga Yuni, mijinki Don Anacleto ya kira ni ya ce kin cika a asibiti, nan Asunción, babban birnin ƙasarmu.

Ina sabon ɗauka na same ki a sashen ƙetare na rediyon gwamnati. Shirinki na harshen Guaraní, yarenmu na gado, shi mutanenmu masu neman abinci a waje suke jira, daga magina a Buenos Aires har masu aikatau a Madrid. Idan na yi tuntuɓen harshe a labarai, sai ki miƙo min kofin tereré, shayinmu mai sanyi, ki ce in jiƙa maƙogwaro, yaren kakata ba ya cizo.

Ba na manta Celsa, mai jinyar wata tsohuwa a Madrid. Mahaifiyarta ta rasu a nan gida, a garin Caaguazú, ita kuma ba ta da takardun da za ta zo ta koma. Kika hau bas da rikoda, kika ɗauko addu'o'in jana'izar da muryoyin 'yan'uwanta, kika sa mata a shiri. Shugaban sashe ya yi ta faɗa wai wannan ba labarai ba ne. Kin ce kin ji, amma ba ki ba shi haƙuri ba.

Sai gwamnati ta ce tashar ta yi mata nauyi, za ta ba wani kamfani kwangilar tafiyar da ita. Majalisa ta kaure da muhawara. Masu mulki suka ce zamani ne, 'yan adawa suka ce kamfanin na surukin minista ne. Kika sa rai da 'yan adawa, kika je gaban kwamiti ga ciwo yana cin ki. Kina cikin bayanin masu sauraro wani ɗan majalisa ya katse ki.

"Baba, wa ke jin rediyo yanzu? Ki je ki huta, jikoki na jira."

Aka yi dariya. A bakin ƙofa jagoran 'yan adawa ya rungume ki, ya raɗa miki cewa in suka hau mulki, akwai kamfanin da ya fi wannan. Muna saukowa daga bene kika dafa kafaɗata.

"Crispín, ɗana, ashe ba kan tashar suke faɗa ba. Kan wanda zai ci ta ne."

Tun daga ranar ban sake jin kin ɗaga murya ba. Kamfanin ya karɓa, ya soke shirin Guaraní, ya cike gurbin da kiɗa da jawaban ministoci. Na roƙe su su sanar da rasuwarki, wata ma'aikaciya ta ce min, cikin ladabi, wannan ba ya cikin kwangila. Majalisa za ta sake zama a kan batun tashar. Ba zan je ba.

Allah Ya jiƙanki, Ña Eulalia, Ya yafe kurakuranki, Ya ba ki hutun da ba ki samu a nan ba. Ina miƙa ta'aziyya ga Don Anacleto, da 'yarki Nidia da 'ya'yanta. Allah Ya ba su haƙuri, Ya sa musu dangana, mu ma da muka rage Ya duba mu.