Dogon Hannun da Ka Ba Mu

Na Allah ne mu, gare Shi kuma za mu koma. Ranar Talata, sha huɗu ga watan Maris, da hantsi, aka kira ni aka ce Baba Mai Agogo ya rasu. Na zauna rubuta ta'aziyya, Baba, amma ga ni ina murmushi, domin ranar farin cikin da ka ba gidanmu ta ƙi fita daga raina.

Agogon katako na mahaifinmu, wanda Inna take gogewa kullum tun bayan rasuwarsa, dogon hannunsa ya karye muna ƙaura. Ni uban iyawa na sayo wani a kasuwa na ɗaura. Sai ya zama kullum hannun ya fara hawa daga shida, kafin ya kai tara agogon ya tsaya cak. Inna ta daina zama a falo. Ta ce gidan ya yi shiru kamar an sake yi mata rasuwa.

Na kawo maka shi. Ka cire hannun, ka auna shi a tafinka, ka tuntsire da dariya.

"Ɗana, tsoho ka ɗora wa wannan kaya? Ai dole ya zauna ya huta! Dawo jibi."

Da na dawo, ga wani siririn hannun tagulla, mara nauyi, kamar da shi aka haifi agogon. Ka biyo ni har gida ka rataye shi da kanka. Muka tsaya mu uku muna kallon dogon hannun. Ya wuce bakwai, ya wuce takwas, ya haye tara! Da ya buga sha biyu, Inna ta saki kuka da dariya a haɗe, kai kuwa kana tafi kamar kai aka yi wa kyauta.

Jiya na je gaisuwa, 'yarka ta buɗe mini shagon. A saman teburin aikinka, inda magagaran goge ƙarfe suke jere, na ga tsohon agogonka da gajeren hannu kaɗai.

"Shekara shida ke nan muna kintatar minti," in ji ta. "Ya ce dogon ya tafi jinyar wata baiwar Allah."

Ban taɓa sani ba, Baba. Ban ma gode maka yadda ya kamata ba.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Allah Ya ba iyalanka haƙuri. Inna ta ce in gaya musu duk lokacin da agogon ya buga sai ta yi maka addu'a, kuma har yau bai taɓa tsayawa ba.