Dalmar da ke Wilin Gaba

Shekara uku mashin ɗin Yaya ya yi a zaurenmu na Makera, lulluɓe da tamfol, kowa na raɓa shi ya wuce kamar mai barcin da ba a son tashinsa. Da na sami aiki a Barnawa, kuɗin keke-napep ya fara cin rabin albashina, Inna ta ce in ɗauka in hau, ai ba don ado ya saye shi ba. Tayoyin duk sun tsattsage saboda zama. Na sayo sababbi, na kwance wili biyun na zuba a keke, na fita neman mai ɗaura mini.

Dole in faɗi abin da ya faru kafin rasuwarsa. Wata Asabar ya tafi ɗaurin aure a motar abokai, ni kuma sarkin gwaninta na ce bari in wanke masa mashin. A jikin wayoyin wilin gaba na ga wasu ƙulle-ƙulle guda uku masu nauyi, an naɗe su da baƙin tef. Na kira Inna. Ta duba, ta yi salati, ta ce asiri ne, dama tun da ya sayi mashin nan ido ya yi masa yawa. Na sa filaya na cire su na jefa a masai. Muka yi shawara kada a gaya masa, don kada hankalinsa ya tashi.

Kwana huɗu bayan nan ya faɗi a hanyar Kachia da rana tsaka. Babu motar da ta taɓa shi. Waɗanda suka gani sun ce kan mashin ne ya kama rawa a hannunsa, ya yi ta fama har ya kayar da shi. Mashin ɗin madubi kawai ya fasa. Inna ta ce mun makara, asirin ya riga ya ci. Ni ma haka na riƙe, har a zaman makoki ina bin abokansa da ido ɗaya-ɗaya ina zaɓen mai laifi.

Na sha jin Yaya na cewa ba a canza taya sai an yi balansin. Ban san me ake nufi ba, amma na ce yadda yake yi haka zan yi. Mai facin farko a unguwar Television ya kwashe da dariya. “Oga, mashin ne fa, ba jirgin sama ba.” A Barnawa na sami shago mai na'ura, suka ce tasu ta mota ce kawai. Ina kwashe kayana sai ɗaya daga cikinsu ya ce, “Sai dai ka je Kakuri, bayan tsohuwar masaƙa. Akwai wani Baba mai naɗa wa wayar wili dalma.”

Na ce, “Dalma?”

“E, 'yan ƙulle haka. Ya rufe da baƙin tef.”

Ban san lokacin da na zauna a kan tayar ba. Wallahi na so in koma gida in mayar da tamfol. Amma na tare keke na ce Kakuri.

Rumfar tasa na jingine da katangar masaƙar, inda ciyawa ta fito ta tagogi. Dattijo ne mutumin kudancin Kaduna, da ƙaramin gicciye a wuya, ya ce shekarunsa na ƙarfi duk a gyaran injinan cikin can suka ƙare. Ya ɗaura tayoyin. Sannan ya zura ƙarfe a tsakiyar wilin gaba, ya ɗora a kan wasu itatuwa biyu, ya juya shi ya saki. Wilin ya yi ta juyawa, ya tsaya. Ya sa alli a ƙasa. Sau uku yana juyawa, sau uku allin na komawa wuri ɗaya.

Ya shafa wani ɗan tabo a bakin wilin da babban yatsa. “Na san wannan. Na dogon yaron nan ne mai gyaran wuta. Ina yake?”

Na ce yayana ne, ya rasu. Ya cire hula ya yi mini gaisuwa. Sai na gaya masa duka, har jefa su da na yi a masai. Ban taɓa gaya wa kowa ba.

“Baba, in aka cire, zai iya kayar da mutum?”

Na so ya yi mini ƙarya, kuma na ga ya gane haka. Ya daɗe yana murza dalmar a tafin hannunsa.

“Ɗana, mutum nawa ke yawo babu ita suna isa gida lafiya. Rami ma na kayarwa, iska ma na kayarwa. Kwana in ya ƙare, ya ƙare.” Ya nuna wurin allin. “Amma wilin nan nauyinsa gefe guda yake. Shi ya sa na sa masa har uku. Kuma yayanka yana gudu.”

Ya naɗa su a gabana, ɗaya, biyu, uku, a daidai wayoyin da na sa wa filaya. Ya juya wilin, ya tsaya a wani wuri dabam. Ya sake juyawa, ya tsaya a wani. Ya ce ya daidaita. Na biya shi, na kwashi wili biyun na koma gida.

Da la'asar ina tsugune a zaure ina mayar da wilin, Inna ta fito da buta. Ta tsaya a kaina. Na ji butar ta faɗi, ruwa ya bi ta ƙarƙashin ƙafata.

“Innalillahi! Sun dawo. Ba su ƙoshi da ɗaya ba.” Ta damƙe kafaɗata tana kuka. “Ɗauko filaya, ɗan albarka. Cire su tun da wuri, kamar yadda ka yi wa yayanka.”

Filayar na nan kusa da gwiwata. Na sa hannu na rufe ƙullin uku, na ce ta bari zan kai wa malami ya gani tukuna. Tun ranar a gidan maƙwabci nake ajiye mashin ɗin. Har yau duk safiya sai ta tambaye ni ko na cire, ni kuma in ce na cire.