Buhun Gyaɗar Malam Bitrus

Shekara shida ke nan da rasuwar Malam Bitrus, maƙwabcina a Birnin Gwari, amma har yau in aka ce Sallah ta matso, shi nake fara tunawa kafin kayan yara. Tsohon malamin firamare ne daga kudancin Kaduna, dogo, mai faɗa kamar kullum yana gaban allo. Bai taɓa koyar da ni a aji ba, sai dai ban san wanda ya riƙe ni kamarsa ba.

Ni tela ne. Wanda ya san sana'armu ya san yadda goman ƙarshe na azumi take, ɗinki ya yi tsibi, kowa yana son kayansa tun jiya. A nan na koyi haɗiyar tramol don ido ya buɗe, daga nan na zarce zuwa maganin tari. Shekara tara ina ciki. Ban bari ba sai da matata Hadiza ta kwashe yara ta koma gidansu a Saminaka. Da ta dawo, magana ɗaya ta faɗa mini: in na sake taɓawa, kada ma in wahalar da kaina zuwa biko.

Mutane suna zaton ranakun aiki ne masu wuya ga irinmu. Wallahi ranar Sallah ta fi. Keke ya yi shiru, hannu ba abin yi, tsofaffin abokai sun ci ado suna wucewa, kowa riƙe da gorar lemo wadda na san abin da aka zuba a ciki. Sallata ta farko bayan na bari, an sauko daga Idi, ina zaune a ƙofar gida, har na jawo takalmi ina lallashin kaina cewa gaisuwa kawai zan je. Sai ga Malam Bitrus da rabin buhu a kafaɗa, ya dire shi a gabana.

"Barka da Sallah, Tela. Gyaɗar iri ce, zo ka taya ni ɓarewa."

"Haba Malam, yau fa Sallah ce. Ga inji can a kasuwa."

"Inji fasa ƙwaya yake yi. Iri da hannu ake ɓare shi. Cire takalmin nan."

Na ji haushi ƙwarai, amma kunyarsa ta hana ni tashi. Muka yi ta ɓara har la'asar, yatsuna suka yi zafi, Hadiza ta miƙo mana tuwo da nama. A nan ya faɗa mini cewa shi ma burkutu ta taɓa cin rabin rayuwarsa, kuma har lokacin in Kirsimeti ta zo gabansa faɗuwa yake yi. Da Kirsimeti ta zo kuwa, yana fitowa daga coci ya leƙo gidanmu ya ce, "Tela, yau kuma shaiɗanuna ne suka fito yawo, taso mu ɓare gyaɗa." Haka muka yi shekara biyar, Sallah biyu a ƙofata, Kirsimeti a ƙofarsa. Ko sau ɗaya bai yi mini wa'azi ba, hirarmu ba ta wuce taki da siyasa.

Ciwon ciki ya ɗauke shi cikin mako biyu. Sallar da ta biyo baya na tsorata, don na san ba mai zuwa, kuma takalmin yana nan inda na saba ajiye shi. Wajen hantsi sai ga matarsa, Mama Saratu, da buhu a ka. Na karɓa na ce, "Mama, wa zai shuka wannan yanzu?" Ta yi dariya har da hawaye. Ta ce tun da 'yan bindiga suka hana shiga dajin wajen Kakangi, Malam bai ƙara taka gonarsa ba. A kasuwa yake sayen gyaɗar saboda mu biyu, in mun ɓare ita kuma ta yi ƙuli-ƙuli. Sai a lokacin na tuna sau nawa muka ɓare iri bayan kowa ya gama shuka, ni da nake ganin ina da wayo ban taɓa tambaya ba. Ta zauna a wurinsa, muka ɓare har la'asar.

Ina yawan tunanin abin da zai ce da ya ga yau. Shan ƙwaya ya ƙaru fiye da da, samarin da na ɗinka wa kayan suna ma wasu sun faɗa. Na san ba zai tara su ya yi musu jawabi ba. Zai zaɓi ɗaya ne, wanda ya ga yana kallon takalminsa, ya je ya dame shi da aiki.

Malam bai bar gida mai kyau ba, gonar ma ta koma daji. Abin da ya bari shi ne Hadiza tana ɗakinta, kuma yarana ba su san ni da layi a hanya ba. Ina kewarsa, har faɗan nasa nake kewa. Mama Saratu ta koma garinsu bara, saboda haka jiya ni na shiga kasuwa da kaina na sayo buhun gyaɗa. Akwai wani tela a bayan layinmu, Garba, wata uku ke nan da ya bar shaye-shaye, kuma matarsa ba ta daɗe da dawowa ba. Ko gonar kamu ɗaya ban mallaka ba, amma ranar Sallah in Allah ya kai mu zan dire buhu a ƙofarsa in ce masa gyaɗar iri ce.