Ranar da Sista Ta Tsuguna a Bayan Taga

Ku 'yan matan nan da kuka tarar da ni na tsufa a ɗakin haihuwa, akwai wata Laraba da ba ta taɓa fita raina ba. Bayan samun 'yancin kai ne da kaɗan, ina ƙaramar ma'aikaciya, aikina tafinta da dafa almakashi. Ina bin wata Sista Baturiya, ungozomar asibitin mishan, rangadin ƙauyukan Kurfi.

Su Sistocin Katolika ba sa aure. Alkawari suke ɗauka, a sa musu zobe, shi ke nan har mutuwa.

Da hantsi aka tare motarmu a Wurma. Binta, matar wani mai sayar da hatsi, kwana biyu tana naƙuda. Muka iske uwar mijinta, Iya Tabawa, ta tsare ƙofar ɗaki.

"Baturiyar nan 'ya'yanta nawa?"

Na kalli zoben, na raɗa wa Sista cewa zan ce mijinta da 'ya'yanta suna Turai. Ta ce a'a, in faɗi gaskiya. Wallahi haushi kamar in shaƙe ta! Haka na faɗa wa Iya gaskiya: ba miji, ba ɗa.

Iya ta ce, "Wadda ba ta yi aure ba, ba ta shiga ɗakin naƙuda a gidan nan. Ke fa?"

"Da aurena, 'ya'yana huɗu, Iya."

"To, ke shiga."

Ni da ban taɓa karɓar haihuwa ba! Sista ta wanke mini hannu har gwiwa, ta zagaya bayan ɗaki ta tsuguna gindin taga, cikin taɓon damina.

Ina dubawa na ga ɗan da ƙafa ya taho. Na ƙwala wa Sista kira ta taga.

"Kada ki ja, Ladi! Ki jira sai kin ga kafaɗa."

Ina faɗa mata abin da nake gani, tana faɗa mini abin yi. Hannu ɗaya ya fito, ɗayan ya biyo, sannan kai. Shiru. Ta ce in murza bayansa. Na murza, na murza, sai ya tsala kuka. Ni ma na fashe da nawa.

Iya Tabawa ta fita, ta dawo riƙe da hannun Sista, farar rigarta duk taɓo. Ta kai ta gaban jaririn.

"Wanke hannu ki yanke wa ɗanki cibiya."

Da na yi ƙaryar nan, sau ɗaya za mu shiga gidan kafin a gane. Amma daga ranar, babu ƙofar da aka sake tare mana a Wurma.