Hoton da Ya Riga Ni Isowa Madina

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, amma kwana goman da na yi a wani ƙauye a arewacin Tailan, da abin da suka jawo mini a Madina, ba za su bar raina ba har in koma ga Allah.

Turaren ud nake sayarwa, shagona yana unguwar Al-Aziziyya a Madina, kuma duk shekara nakan je Tailan in sayo itacen a hannun manoma. A shekarar da abin ya faru, wata huɗu ke nan da mota ta kaɗe babban ɗana a unguwar Harra ta Yamma, ya rasu. A gaban mutane na yi haƙuri yadda ake so, amma cikina ya ƙi. Abinci ba ya shiga, a salla ma sai in rasa raka'a nawa na yi. Mutum ɗaya na faɗa wa halin da nake ciki, wato aminina, wani Bakano da ke koyarwa a jami'a, wanda muka shekara ashirin muna ci a kwano ɗaya.

Da na isa Tailan, manomin da nake saye a wurinsa ya ga yadda na rame. Ta bakin tafinta ya ce a bayan gonakin shinkafa akwai wurin da mabiya addinin Buda ke karɓar baƙi su zauna shiru kwana goma, ba magana, ba waya. Na kira aminina na gaya masa. Ya ce, "Ya akhi, ni dai ban so ba. Amma in za ka je, ka riƙe sallarka, kada ka rusuna wa komai." Na yi masa alkawari.

Tsohon da ke kula da wurin, mai aski ƙwal da mayafi ruwan goro, bai yi musu da sharaɗina na riƙe sallata ba. Ya ba ni bukka a gefe, a nan nake salloli biyar. Sauran lokaci muna zaune a wata rumfar katako, kowa yana bin numfashinsa, ba ka jin komai sai kwaɗi da ruwan sama a kan kwano. Wata tsohuwa mai dafa mana abinci ta ware mini tukunya daban ba tare da na roƙa ba. A rana ta huɗu kuka ya ƙwace mini, irin wanda ban yi ba ko a bakin kabarin yaron. Babu wanda ya ce in yi shiru. Ba zan ce zuwan nan daidai ne ba, har yau ina neman gafara idan kuskure ne, amma goshina bai taɓa ƙasa don wanin Allah ba.

Ranar tafiya aka ɗauke mu hoto a rumfar, da babban gunkinsu a bayanmu. Manomin, da zuciya ɗaya, ya tura wa wani abokin cinikinsa a Madina don ya ga na warware. Kafin jirgina ya sauka, hoton ya gama wayoyin unguwa.

Juma'ar farko na je majalisar da muke zama a gidan wani dattijo a Al-Khalidiyya bayan la'asar. Na yi sallama, mutum biyu suka amsa. Dattijon ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Alhaji, wannan kai ne a gaban gunki?"

Na ce, "Ni ne, Baba, amma ban yi masa sujada ba. Ga Malam nan, da saninsa na je, ya san dalili."

Aminina ya juya kofin gahawa a hannunsa, bai ɗago ba. Ya ce, "Wallahi ban san komai a kai ba."

Bayan kwana biyu ya zo shagona yana cewa in fahimce shi, yana da ɗalibai, in aka ji da saninsa na je aikinsa zai taɓu. Na ce, "Halas, shi ke nan, Malam, na fahimta." Tun daga ranar gaisuwa kawai ke haɗa mu. Majalisar ma ban sake komawa ba, kuma babu wanda ya aiko tambaya.

Amma wadda ta fi ƙona ni ita ce matata, don a bakin maƙwabta ta ji labarin. Ba ta yi faɗa ba, ba ta ma ambaci gunki ba. Ta dube ni ta ce, "Ni ma ɗana ne ya mutu. Wata huɗu ina kuka ni kaɗai a kicin. Sai da ka tsallake teku ka sami waɗanda za ka yi kuka a gabansu?"

Na koyi cewa mutane suna yanke hukunci kafin su tambayi abin da ke damun mutum, kuma aminin shekara ashirin yana iya sayar da kai don tsoron bakin jama'a. Amma babban darasin a kaina yake: na kai ciwona wurin baƙi, na bar wadda muke ɗauke da ciwo ɗaya tana fama ita kaɗai a cikin gidana.