Gidan da Aka Ba Ngo Chundung

Shekara tara ke nan da muka binne kakata, Ngo Chundung, amma sai bana na gane wata magana da ta sha nanata mana.

Gidanmu na Bukuru, inda mahaifina ya girma, wani Alhaji dillalin kuza ne ya ba ta shi, bayan ramin haƙa ya rufta da kakanmu. Duk sanda aka kawo zancen ƙara ɗaki, sai ta ce, "Ku bari, gidan nan umra ne." Mu Kiristoci ne, Umra ɗaya muka sani, ta zuwa Makka. Muka ɗauka Alhajin zai tafi ibada ne ya yi mata sadaka. Har tsokanarta muke yi.

Bana na fara tattara tarihin zuriyarmu saboda yara. Na je wajen wani tsohon alƙali a Titin Bauchi da ke Jos, aminin surukina, na ba shi labarin ina dariya. Shi bai yi ba.

"'Yata, umra ta ce, ko kyauta?"

"Umra, Baba."

"To, a shari'a umra ita ce a ba mutum gida ya zauna iya rayuwarsa. Ran da ya rasu, gida ya koma hannun mai shi ko magadansa."

Tun rasuwarta mun ƙara ɗaki huɗu. Zawarawa biyu na zuriyarmu ne a ciki, da 'ya'yansu. Da na gaya wa ƙanin mahaifina, Da Pam, sai ya ce in rufe bakina, ai rikicin garin nan ya watsa iyalan Alhajin, babu mai dawowa.

Nakan tambayi kaina me Ngo za ta ce da ta ga Jos ta yau, inda unguwa ke tsoron unguwa. Ita da ba ta taɓa zama a aji ba, ta riƙe kalmar baƙon harshe daidai har ta mutu, don kada a ci amanar wanda ya rufa mata asiri. Ba gida ta bar mana ba, alkawari ta bari, mu kuwa muka yi gini a kansa.

Makon jiya wani mutum mai farar riga ya tsaya a ƙofar gidan. Ya daɗe yana kallon sababbin ɗakunan, sannan ya yi wa zawarawan sallama cikin ladabi, ya dubi babbarsu.

"Mama, don Allah, tsohuwar gidan nan tana da rai?"

Matan suka dubi juna. Ya ce ba komai, shi ɗan Alhajin ne, zai dawo tare da yayyensa.